Baƙon Cikin Taya

A tashar jiragen ruwa ta Jenowa
Ottavio ya ɓalle ƙofar kwantena,
tsofaffin tayoyi suka gangaro
da warin damunar wata ƙasa.

Jami'in kwastan ya ƙirga roba,
ya buga hatimi, ya tafi shan kofi.
Wa zai ƙirga ƙwai
da bai kai ƙwayar gishiri ba?
Suna manne a cikin tayar, a bushe,
yayyafi kawai suke jira.

Da fiffikensa ko unguwa ba ya ƙetarewa.
Mu muka biya masa kuɗin teku.

Bayan sati uku uwar Ottavio, Nerina,
tana ba furannin baranda ruwa,
ta kai wa ƙwaurinta mari.
Ta duba tafi: ƙafafu masu zanen fari da baƙi.
Ta ce, namu sai dare yake zuwa,
wannan marar kunya da rana tsaka!

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan ya hayayyafa a faranti ƙarƙashin tukunyar fure,
jikarsa ta faɗa motar Ottavio ran Lahadi,
ta sauka a Nis ba fasfo.

Nerina ta kife bokiti, ta kife faranti.
Can ƙasa wani jirgin yana busa ƙaho.