Rufin Bakin Rumasa'u

Shekara ashirin ina ɗora rufi a Rigasa,
da ido nake gane katakon da ya karkace,
amma rufin da ke cikin bakin 'yata
sai da likita ta haska tocila na gan shi:
ganɗa matsattsiya, mai zurfi,
kamar an kifa kwalekwalen Kabala.
Haƙora sun rasa fili,
suna hawan juna kamar fasinjojin Kawo da yamma.

Na ce, me ya jawo?
Na riga na zo da amsa a aljihu:
babban yatsan nan
da muka shafa wa maɗaci, muka naɗe da tsumma,
ta lashe ɗacin, ta kwance tsumman,
ta ci gaba da tsotso har aji ɗaya.
Na ɗan harari uwarta.

Likita ta ce yana ciki, amma ba shi kaɗai ba.
Yaya barcinta?

Sai na tuna daren da aka ɗauke wuta,
jirgi ya wuce, unguwa ta yi tsit,
ba ka jin komai sai minsharin 'yar shekara huɗu,
baki buɗe, leɓe a bushe,
mu kuwa muna dariya.

Ta ce harshe magini ne.
In baki na rufe, yakan jingina da ganɗa,
yana tura bango a hankali, ba kuɗin aiki.
In hanci ya toshe, baki ya fita neman iska,
sai magini ya sauko ya zauna a ƙasa,
kumatu su matse ginin ta gefe.
Wani yaron kuma linzami ne ya ɗaure masa harshe
tun ranar da ya faɗo.

Sannan ta juyo da tocilar.
Malam Zubairu, buɗe naka mu gani.

Na buɗe.
Ta daɗe tana kallo, ta yi murmushi:
ga inda aka kwafo zanen.
Uwar Rumasa'u ba ta ce uffan ba,
gyara mayafi kawai ta yi,
kuma na ji gyaran har cikin ƙashina.

Yanzu akwai ɗan ƙarfe a rufin bakin
da makulli siriri kamar tsinke.
Bayan isha'i nakan wanke hannu,
ta kwanta a cinyata, ta ce aaa,
in murɗa sau ɗaya, faɗin gashi.
Ban taɓa yin aikin da ke tafiya a hankali haka ba,
ban kuma taɓa jin hannuna na rawa a kan rufi ba
sai wannan.