Kwaɗo a Bakin Rijiya

Shekara goma sha tara ina riƙe da makullin
ɗakin karatu na bayan duwatsun Birni.
Abokan gabata na san su:
gara, da yoyon damina,
da yaro mai yage shafi ya ƙunsa ƙosai.
Da su duka muna sasantawa.

Bana aka kawo alluna shida masu haske,
wai kowanne ya haɗiye kanta guda ta littattafai.
Don murna har goro na saya wa mai gadi.
Ƙananan baƙaƙen takardar,
sai da sa hannu ya bushe na sa tabarau:
littafi ɗaya, mai karatu ɗaya, saura su bi layi;
in an are shi sau ashirin, ya mace,
a sake biya kamar ba a taɓa saye ba.
Abin da ba shi da bango balle ya yage,
an yanka masa ranar mutuwa.

Mu Damagarawa mun san layi.
Mun san jarka talatin a gindin famfo tun asuba,
mun san farashin ɗan garuwa in bazara ta yi tsanani.
Amma can ruwan ne ya yi kaɗan.
Wannan rijiya, ko Zango da Sabon Gari sun taru sun ɗiba,
ba ta ragu da cokali,
sai ga kwaɗo, ba mai kuka a ƙasa ba,
na bakin murfi, mai hana buɗewa.

Habsu ƴar Garin Malam, mai koyon aikin ungozoma,
ita ce ta ashirin.
Ta kai babin jinin da ke ɓallewa bayan haihuwa,
jarrabawa jibi,
allo ya ce saura awa bakwai.
Ta dube ni kamar ni na ƙera kwaɗon.
Na duƙa ina gyara rajistar da ba ta son gyarawa.

Na san inda za a ce ta je.
Shapi'u mai cajin waya a bakin Kasuwar Dole,
dala ashirin ya tura maka littafin ko wane ne,
har da ragi in uku kake so.
An datse ƙofa don ɓarawo,
ɓarawo ya haura katanga,
mai sallama shi aka bari a tsaye yana ƙwanƙwasawa.

Ba zan ce tsoronsu na banza ba ne.
Malam Mutari ya sayar da raguna biyu ya buga littafin lissafi,
ya tarar da shi a wayar ɗan ƙanensa
kafin ya mai da ko kuɗin igiya.
Na ga fuskarsa ranar.
Amma a ɗakin nan ido ke koyon kwaɗayi,
mai aro yau, gobe in ya sami albashi
shi ne mai saye, har da kyautarwa.

Kakana da alƙalamin gamba yake kwafar littafi,
wata huɗu cur, a ƙarshe ya rubuta:
Allah ya ji ƙan mai shi, da mai kwafa, da mai karantawa.
Su uku a addu'a ɗaya.

Ƙa'ida ta ce in rufe ƙarfe shida.
Na ba Habsu sabon kaye da bik biyu,
ƙanenta yana gyangyaɗi a kan babur a ƙofa.
Aka ɗauke wuta, na haska mata da wayata.
Hannunta na gudu, layi na karkacewa,
har zanen mahaifa ta yi, ya fito kamar tulu.

Sha biyu daidai allo ya yi fari fat.
Saura shafi huɗu.

Ta yarfe yatsu, ta rufe kaye, ta ce,
"Malam, sauran zan tambayi Iya Gambo,
ita ta yanke mini cibiya."

Na rataya nawa kwaɗon, tsohon na ƙarfe,
wanda ƙarfe takwas na safe
yake buɗe wa kowa.