Rabin Sakan

Ƙarfe biyu na rana, Sakkwato ta yi lamo,
kwanon rufin shago na ƙara kamar ana toya shi.
Bagudu ya taso daga Wurno tun hantsi,
injin ban-ruwansa ya cinye sandar cikinsa,
albasa kuwa ba ta san uzuri ba.

Injinmu mazari biyu gare shi.
Na hagu ke riƙe da ƙarfen tun farko,
yana juya shi, aska na fere,
ɓawon na zuba a murɗe, shuɗi don zafi,
ruwan sanyaya na bin sa fari fat kamar nono.
Na dama yana can ƙurya, baki buɗe,
ba ya motsi sai na rubuta masa: zo.

To, a nan aikin yake.
Kafin ya zo sai gudunsu ya zama ɗaya,
dubu da ɗari biyu nan, dubu da ɗari biyu can,
ko juyi ɗaya wani ya fi wani,
ƙarfen zai murɗe kamar wanki.
Ya matso a hankali, ya haɗiye milimita ashirin,
ya rufe haƙora.
Sai layi na gaba, ɗan ƙarami, wanda ba ya yin komai:
dakata, rabin sakan.

Ranar Talata na share wannan layin.
Na ce rabin sakan sau ɗari uku, ai lokacin shan shayi ne.
Aska ta shiga haƙora ba su gama kamawa ba.
Ƙarar da na ji, har mai rake na bakin titi ya leƙo.
Aska guda, kuɗin buhun gero,
sai da muka jira kwana shida ta iso daga Ikko.
Maigida bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Mahaifina Arzika, a Maƙerar Assada,
bai taɓa ganin allo mai lambobi ba.
In zai sare jan ƙarfe bisa uwar maƙera
sai ya miƙo mini awartaki, ina ɗan shekara tara,
ya ce, "Ka riƙa?"
In ce na riƙa.
Ya ƙara cewa, "Ka riƙa dai?"
Yana kallon hannuna, ba bakina ba.
Sai ya ga jijiya ta tashi a bayan yatsuna
sannan masaba ta sauka.
Haushin tambayar nan ta biyu na ji har na girma.

Yau na mayar da layin.
Na rage gudun aska in ta kusa tsakiya,
inda ƙarfe ke sirancewa ya koma kamar tsinke,
don kada a bar masa cibiya.
Na danna kore, hannuna ɗaya bisa jan maɓalli.

Mazarin dama ya taho,
su biyu suna kuka da murya ɗaya.
Ya kama.
Shiru na rabin sakan, na ji shi har cikin haƙarƙarina.
Aska ta nutse, ta nutse,
ba ƙara, ba tartsatsi,
sai ga abu ɗaya ya zama biyu
kowane da mai riƙe da shi.

Bagudu ya juya sandar a tafinsa, da sauran ɗuminta,
ya ce, "Wanga ƙarhe ya yi kyawo,"
ya nemi ragi, na rage masa ɗari biyar.

Da asubar da Arzika zai tafi, a asibitin Danfodiyo,
ya damƙe wuyan hannuna, bai ce komai ba.
Na daɗe ina zaton ciwo ne ya sa.
Mode, kawo tsintsiya, ɓawon nan ya taru,
kuma kada ka taɓa layi na arba'in da ɗaya.