Jirage Biyu a Abhur

Da asuba nake isa Abhur,
guga a hannu, soso a aljihu,
kafin rana ta ɗora wa Jidda tafinta a ka.
Jirage biyu nake wankewa.
Ba nawa ko ɗaya, amma na san tarin kowanne.

Na dama na Ma'atuƙ ne,
mai shagunan turare uku a Balad.
Ya saya ya miƙa wa kamfanin haya
kamar mai kai saniya kiwo ruga:
su tatsa, su ba da gishiri, su kira likita,
shi ya jira lissafi ƙarshen wata.
Kwana arba'in aka yanka masa a shekara,
saura na duk mai riyal ne.

Me ban tsinta ba a jirgin nan?
Ɗan kunne guda, ƙwallon dabino ƙarƙashin matashi,
takalmin yaro na hagu,
tabon gahawa da ya ƙi jin sabulu.
Sunan uwarsa ya rubuta a gefe, Zahiyya,
baƙi na shiga da yashi a ƙafa,
ba wanda ya tambayi wace ce.
Amma injinsa lafiya lau,
ƙarfen da ke aiki bai san tsatsa ba.

Na hagu na Daktora Wijdan ne, likitar haƙori.
Mabuɗi na jakarta, ba mai taɓa mata kofi.
Tawul ɗinta na nan yadda ta ninke shi tun Safar.
Ita ke biyan wurin kwana, ita ke biyan inshora,
ita ke biyan ni.
Sau uku ta fito bara,
na ukun ma waya ta dawo da ita daga bakin mashiga.
Ni nake nutsewa in kankare masa ƙumba a ciki,
teku na gina gari a kan abin da ya zauna.

Ran uku ga ƙaramar salla
Ma'atuƙ ya turo tsohuwar a keke.
Ta ce tana son ganin inda ruwa ke komawa baba
kafin yanar ido ta gama ja mata labule.
Yaron ofis ya duba na'ura, ya sosa ƙeya:
an kama, ya Ammi,
wasu 'yan Riyad sun biya tun Rajab.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ga mutum tsaye a kan gadar katako,
takardar mallaka a aljihun gaba,
yana kallon sunan uwarsa na ƙanƙancewa cikin kumfa,
uwar na gefensa tana tambaya: mun tashi?

Na kira Daktora. Tana tsakiyar bakin wani.
Ta ce a ɗauka, ai gara ya motsa.
Muka ciccibi tsohuwa, muka shimfiɗa mata darduma.
Na murɗa mabuɗi. Ya yi tari.
Na sake. Ya yi gyaran murya, ya yi shiru,
batir ya mutu tun ba a san rana ba.

Nan muka wuni, igiya ɗaure da turke.
Duk jirgin da ya wuce sai ya aiko mana da igiyar ruwa,
mu ɗaga, mu sauka.
Ta sha shayi da na'ana'a, ta ce teku yau da ladabi.
Ma'atuƙ bai gyara mata ba. Ni ma.

Wajen magariba ta laluba hannuna,
ta ji kantar soso da gishiri,
ta ce: to kai ne mai jirgin.
Na ce a'a, Inna, wanki nake.
Ta ce haka masu abu ke faɗa.

Gobe Zahiyya zai dawo da yashin wasu.
Sai na zo da guga biyu.