Eka Arba'in

Baba Halvard ya bar mana eka arba'in
a arewacin Wiskonsin, da zarto mai tsatsa,
da magana ɗaya: daji in ya yi duhu, yunwa ce.

Na daɗe ban gane ba,
sai ran da na durƙusa ƙarƙashin dogayen itatuwa
na rasa ganye ɗaya da bakin barewa zai kai.

Ni da Ingrun muka sare, muna jin kunya.
Wasu rabi muka yanka, muka kwantar da su da ransu,
su yi toho a ƙasa, su zama ɗakin haihuwa.
Rana ta shigo ta ƙofar da muka buɗe.
Ƙaya ta biyo ta, ta cinye min wando biyu.

Shekara uku. Nuwamba, ƙanƙara har idon sawu.
Ɗana Torben, cikin riga ruwan goro,
ya ɗora bindigar kakansa bisa reshe.
Kishimi ya fito, ƙaho mai rassa takwas,
numfashinsa kamar hayaƙin murhu.

Yaron ya bi shi da ido har ya shige.
"Baɗi," ya ce, hannunsa na rawa.
Muka koma gida, muka ci wake.