Kason da Ba a Rubuta Ba

Da aka raba gadon Baba a Kazaure,
Tanimu ya ɗauki gonar fadama,
Ladidi ta samu shago a bakin kasuwa,
ni kuwa hularsa aka aiko mini da carbi
cikin ambulan, har Sheffield.
Na ce an ƙware ni.
Ashe babban kason na jikina tun kafin a raɗa mini suna,
ba alƙali, ba shaidu, ba takarda.

Likita ta juyo mini da fuskar kwamfuta,
ta ce, akwai mai ciwon suga a danginku?
Na shiga lanƙwasa yatsu.
Baba.
Gwaggo Asabe, da ta koma ga Allah da ƙafa ɗaya.
Kawu Bawa, mai fita da buta sau biyar kafin asuba.
Sauran yatsun na ɓoye su a aljihu.

To amma Baba sai da ya haura saba'in
ciwon ya yi masa sallama.
Ni arba'in da uku.
Shi ƙafarsa ce motarsa,
gona, masallaci, zumunci har ƙauye na uku,
tuwon dawa da miyar kuka, ya sha ruwan randa ya kwanta.
Ni awa goma sha biyu a kujerar tasi,
tumbi na gogar sitiyari,
shayi da cokali uku,
soyayyen dankali a takarda, ƙarfe biyun dare,
ina jiran mashaya su fito su ba ni adireshi.

Shi ne mai cewa iri ba ya tsiro a rumbu.
Ya bar mini nawa a bushe, yana barci.
Ni na kai shi lambu,
na yi masa ban-ruwa da lemon kwalba shekara sha shida.

Yanzu kowace safiya ina huda yatsa.
Ramlatu, 'yar shekara tara, ita ke karanta lambar
kamar mai duba sakamakon jarrabawa.
Jiya ta ce, Baba, ni ma zan gada?
Na dubi hancinta, na Gwaggo Asabe ne sak.
Ban iya cewa a'a ba.
Na ce, ɗauko takalminki.

Garin nan duk tudu ne, da ma ban sani ba,
mota ce ke haye mini su.
Muka kama hawa cikin yayyafi,
tana gaba, ina haki a baya,
hular Baba ta jiƙe a kaina.
Ta tsaya can sama tana dariya, tana ƙirga mini taku.

Shayin yau da ɗaci.
Na shanye.
Gado dai na karɓa, ba a mayar wa mamaci,
sai dai ba zan gyara masa shimfiɗa ba.