Tara da Sulusi

Tankari ya kwantar da kilasi bisa benci,
ya rufe ramin wuta da gilashi,
ya miƙo mini sirinji.
"Ɗiga, Arzika. Kada hannu ya yi rawa."
Rami ya sha hamsin da biyar.

Fistan biyu bisa buhun siminti,
mai ƙusumbi da mai kwarmi.
Na duƙa ina lissafi a ƙasa da ƙusa.
Silinda ɗari biyar.
Ƙusumbi ya cinye biyar: sha ɗaya.
Kwarmi ya ƙara biyar: tara da sulusi.

Mai Fijo sha ɗaya yake so,
ya bar Tawa, ya isa Ƙwanni shayi bai huce ba.

Tankari bai yi musu ba.
Ya sayo kwalbar isansi ta bakin tasha,
ya shinshina, ya miƙa masa:
"Wannan za ta sha?
Abin da aka matse fiye da ƙima
ba ya jiran buji."

Na shafe sha ɗaya da tafin ƙafa.
Da dare, bisa tabarma,
ina ta jin gudun da ba mu yi ba.